Magen Ramalan da Rigar Surukinsa

A Kibiya, a shekarar da Turawa ke haɗa kayansu za su bar mana ƙasa, an yi wani mai bugu ana ce masa Ramalan. Gaskiya dai hannunsa na da kyau. In ya shimfiɗa riga a kan kututture ya dinga sauke mata gudumar itace, kafin la'asar sai ka ga tana ɗaukar ido. Bakinsa ne masifar. Ya taɓa yin wata biyu yana wanki a barikin Rano, inda Turawa ke sauka in sun fito rangadi, kuma tun ranar da ya dawo babu wanda ya ƙara sanin komai a Kibiya sai shi. Ko maganar shukar gero ake, sai ya gyara murya ya ce, "A bariki ba haka muke yi ba," alhali kowa ya san ba a shuka gero a bariki.

Ana tsakiyar damina, kyankyasai sun addabi kowane gida, sai ga saƙo daga Fassi. Surukinsa Malam Maharazu, mahaifin matarsa Lubabatu, za a naɗa shi mai unguwa a Rano nan da kwana goma, an aiko da rigar da zai sa a wanke ta a buge ta. Saƙi ce mai aska takwas, aikin zaren tsamiya, wadda mahaifin Malam Maharazu ya sa ranar nasa naɗin. Tun da tsohon ya rasu ba a sake sa ta ba. Duk Fassi babu riga irinta, kuma Malam Maharazu ba shi da wata babbar riga da zai tsaya da ita gaban hakimi.

Ramalan ya wanke ta, ya ba ta sitaci har sau biyu don ta tsaya da kyau, ya kwana biyu yana bugu. Da ya ninke ta, Lubabatu ta miƙo hannu.

Ta ce, "Malam, kawo in sa ta a ragaya tare da taka. Ka san kyankyaso da sitaci."

Ramalan ya ɗaga kai ya dubi igiyar nan da ke reto daga rufin ɗaki, ya taɓe baki. "Ragaya! Kakana ya rataye riga a ragaya, ubana ya rataye riga a ragaya. Kyankyaso ya ƙare a duniya?"

"Bai ƙare ba, amma bai ci rigarsu ba."

"Gudu ke nan. Ni kuwa ba na gudun ƙwaro."

Da maganar ta tsaya a cikin gida da da sauƙi, amma Ramalan ba ya yin magana ya bar ta a gida. Da yamma ya fita gindin ceɗiya, inda maƙwabcinsa Mato wanzami ke yi wa mutane aski, ya jira aka cika, sannan ya buɗe faifai. Ya ce a bariki kukun Bature na da wata mage, a gaban idonsa kyankyaso ya gifta, ta kai masa mari ɗaya, sai gawa. Ya ce wannan shi ne sirrin da Turawa ke shirin komawa da shi ƙasarsu, Allah ya taimaki Kibiya shi ya tsinta.

Ya ce, "Cikinku wa ya taɓa ganin ragaya a ɗakin Bature?"

Mato ya ce, "Cikinmu wa ya taɓa ganin ɗakin Bature?"

"To ni na gani."

"Ka shiga?"

"Ta taga. Taga babba ce."

Nan take, a gaban mutum goma sha, Ramalan ya rantse zai ajiye rigar surukinsa a kan gadon kara, a ɗan ɗakin ajiyar da ke jikin zaurensa, ɗakin da ya fi ko'ina kyankyasai, ba zai taɓa ta ba sai ranar naɗi, kuma ko zare ɗaya ba za a rasa ba. Wanda ake yi wa aski ya ce a dakata da askar ya yi dariya tukuna.

Ma'aikacin farko da ya ɗauko wani jibgegen muzuru ne na wani mahauci, wanda ya girma a kan hanta da tumbi. Ramalan ya zaɓe shi ne saboda girman kai da kaurin wuya. Ya kai shi ɗakin ajiya don gwaji, ya kira Mato ya zo ya sha kallo. Suka tsuguna a bakin ƙofa. Ba a jima ba wani kyankyaso ya fito daga tsagar bango, ya hau wutsiyar muzurun, ya bi ta gadon bayansa, ya sauka ta kunne. Muzurun ya buɗe ido ɗaya, ya mayar ya rufe.

Ramalan ya ce, "Nazari yake."

Mato ya ce, "Ni minshari nake ji."

Ramalan ya ce ƙoshi ne ya ɓata shi, ya hana shi abinci wuni da kwana. Yunwa kuwa ta yi aikinta. Muzurun ya fice ta taga, ya cinye busasshen kifin da Lubabatu ta ajiye na miya, ya tsallaka katanga ya ƙarasa da tattabarun Mato guda biyu. Da hantsi sai ga Mato a zaure da gashin tsuntsu cike da tafinsa.

Ya ce, "Ramalan, kai ka yi bariki. Wannan fiffiken wane irin kyankyaso ne?"

Ramalan ya duba da kyau, ya ce kuskure aka yi wajen zaɓe, namiji ba ya aikin cikin gida. Aka mayar wa mahauci muzurunsa ya ƙara ƙiba.

Saura kwana shida. Ramalan ya ji labarin wata mage a rugar Hammadu, wani Bafillatani da ke zaune a hanyar Nariya, ya ɗauki kwando ya tafi. Baƙa ce siririya, da 'ya'ya huɗu da suka fara tsalle-tsalle. Yana tsaye ana gaisawa fara ta tashi, magen ta yi sama ta cafe ta a iska. Ramalan ya yi kabbara.

Hammadu ya ce, "Aradu tana kamu. Amma ka ga mai 'ya'ya ce. In sun kai kamar haka ba ta kashewa, da rai take kawo musu su koyi kamu da kansu. Su kuwa wasa suke, rabi ya kufce. Jiya ma ƙadangare ta sakar mini a shimfiɗa."

"Wato ma'aikata biyar ke nan."

"Ba haka na ce ba."

"Hammadu, kai shanu ka sani. Mage ilimin bariki ce."

Hammadu ya dube shi, ya dubi kwandon, ya taya shi zuba su. Har ya raka shi bakin hanya, da fara'ar da Ramalan ya ɗauka ta girmamawa ce.

Ramalan ya iso gida hannuwa duk yakushi. A kwanakin nan na muzuru Lubabatu ta riga ta lallaɓa ta rataye rigar a ragaya, tana fatan ya manta. Bai manta ba. Ya sauko da ita, ya shimfiɗa ta a ninke a kan gadon kara, ya zuba mage da 'ya'yanta a ɗakin, ya ja ƙofa ya datse da sabon kwaɗo, ya ɗaure makullin a mazagin wandonsa. Ɗakin na da 'yar taga a sama, uwar na iya tsalle ta fita, 'ya'yan ba sa kaiwa. Ya ce haka tsarin yake: babba ta fita sintiri, ƙanana su yi gadi.

Abin mamaki, sai aiki ya fara kyau. Magen nan ba ta hutawa. Ta shiga gidan Mato, ta shiga gidan liman, ta bi bayan randuna da ƙarƙashin turame. Sai ta lafe a ƙasa, bakin wutsiya kaɗai ke motsi, ta daɗe haka har ka ce ta manta abin da ya kawo ta, sannan ta yi wuf. A kwana na biyu matar liman ta aiko cewa ta ɗaga tukunya ba ta ga komai ya gudu ba. A na uku wata tsohuwa ta aiko da ƙosai mai zafi, a gaishe da mai mage.

Ramalan ya kumbura. Ya raba wa unguwa kwanaki, yau gidan wane, gobe gidan wane. Ya ce a bar ƙofofi a buɗe, a janye tuluna daga jikin bango. Shi da kansa ya dinga bi zaure-zaure yana ɗaga mata tabarmi da tsofaffin ƙwarya don ta samu kaiwa. Ya fara cewa in an karɓi mulkin kai dole a nemi mutum irinsa a ba shi kula da ƙwarin ƙasar Rano baki ɗaya, kuma ba zai ƙi ba in an roƙe shi da kyau.

A kwana na huɗu suna gindin ceɗiya sai ga magen ta wuce da kyankyaso a baki, ƙafafunsa na wutsil-wutsil, ta yi tsalle ta shige tagar ɗakin ajiya. Ba a gama aske gefen kai ɗaya ba ta fito, ta koma, ta dawo da wani.

Mato ya ce, "Ramalan, wannan fa da ransa ta shiga da shi."

"To a titi kake so ta kashe shi? Ka taɓa ganin ɗan doka ya yanke wa ɓarawo hukunci a kasuwa? Kotu take kai su."

"Su waye alƙalan?"

"Suna ciki, su huɗu."

"Tun shekaranjiya nake ganin ana shiga kotun nan. Ban ga an fito da gawa ba."

"Ai ba kotun ƙauye ba ce," in ji Ramalan.

Abin da ke faruwa a ciki kuwa shi ne abin da Hammadu ya faɗa, babu ragi. Uwa ta dire kamu a gaban 'ya'ya ta koma gefe tana lasar hannu. Su huɗu su rufa masa, wannan ya mara, wancan ya yi tsalle baya don tsoro, su ɓuge da kokawa da juna, kyankyaso ya samu hanya ya shige ninkin rigar. Da kyankyasan sun so fita ta taga da sun fita, amma wa zai bar sitaci ninki biyu ya koma bayan randa?

Lubabatu ba ta ga wannan ba, amma ta ji. Da azahar, gari ya yi tsit, ta kara kunne a bangon ɗakin daga cikin gida, ta ji wani sauti kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Ta taka turmi ta leƙa taga, duhu ya hana ta ganin komai, sai wari. Ta sami mijinta a zaure.

Ta ce, "Malam, don girman Allah ka buɗe ɗakin nan. Akwai abin da ke motsi."

"Tauna kike ji. Yaran sun fara aiki."

"Rigar Baba ce fa. Ita kaɗai kakana ya bari. Ka buɗe in gani da idona, in lafiya take ka mayar ka rufe."

"Na rantse a gaban mutane. So kike Mato ya ce mace ta sa ni buɗe ƙofa?"

"So nake Baba ya je Rano da riga."

"Zai je da rigar da za a yi shekara ana zancenta."

Ta koma ciki tana share hawaye da gefen zane. Ta yi niyyar fasa kwaɗon da taɓarya in ya fita, sai ya zama ya hango niyyar, ya jawo kututturen bugunsa bakin ƙofar, nan yake wuni, nan yake cin abinci. Wannan kaɗai ne abin da Ramalan ya hango daidai a cikin kwanakin nan goma.

Ranar naɗi da sassafe Malam Maharazu ya iso daga Fassi a kan tsohuwar goɗiyarsa, da 'yar shara a jikinsa, dattawa uku na biye da shi a ƙasa. Nufinsa ya sa riga a nan ya wuce Rano. Dattijo ne mai ƙarancin magana, irin wanda in ya ce "to" sai a tsaya a yi tunanin wace irin "to" ce. Ya tarar da ƙofar gidan cike, don Ramalan ya bi gida-gida ya gayyato unguwa. Shi kansa ya sha farar babbar rigarsa, wadda ta kwana goma a ragayar Lubabatu, tana ƙyalli, don ya shirya bin surukinsa har Rano ya tsaya kusa da shi ko wani zai tambayi wanda ya yi bugun.

Ya zube ya gaida surukinsa kai a ƙasa, kamar yadda ya kamata. Yana miƙewa kunyar ta bi iska.

Ya ce, "Jama'a ku shaida. Kwana shida rigar nan tana ƙasa, babu ragaya, babu akwati. Mato, matso gaba, kai ne mai gardama."

Ya kwance makulli daga mazagi, abin da ya ɗan ɗauki lokaci don ƙullin ya cije, ya buɗe. 'Ya'yan mage huɗu suka fito suna lumshe ido. Ga riga can a kan gadon kara, a ninke yadda ya ajiye ta, samanta lafiya lau. Ramalan ya ɗauko ta a hannu biyu, ya fito fili tsakiyar jama'a, ya kama ta ta kafaɗu ya ɗaga sama, ya kaɗa da ƙarfi yadda masu bugu ke yi don riga ta buɗe a ga aiki.

Ta buɗe kuwa. Kyankyasai suka zubo, manya da ƙanana, jajaye da masu ɗauke da ƙwai, wasu a ƙasa wasu suka tashi sama. Suka sauka a rawunan dattawan Fassi, suka bi hannun rigar Ramalan. Liman ya yi salati ya tattare rigarsa. 'Ya'yan mage suka ga karatun sati guda ya fito fili gaba ɗaya, suka ruɗe, ɗaya ya bi wani kyankyaso har ƙafar wandon Malam Maharazu ya kama hawa. Goɗiya ta zabura ta tsinke igiya, ta yi ta kan kayan askin Mato.

Kyankyasan da suka sauka ƙasa ba su tsaya shawara ba, suka watsu ta kowace hanya. Tsohuwar nan mai ƙosai ta bi wani babba da kallo yana shiga zaurenta.

Ta ce, "Wannan na gidana ne. Na san shi, gashin bakinsa ɗaya ya karye."

Ramalan na nan tsaye riƙe da riga a sama, don bai san yadda zai sauke ta ba. Ta ƙirjin rigar yana hango fuskar Mato sarai. Mato ya matso ya sa yatsa yana bin aikin.

Ya ce, "Ɗaya, biyu. Ga kuma rabin wata. Ramalan, aska nawa ka ce an kawo maka?"

Babu wanda ya yi dariya, don Malam Maharazu ya tako. Ya ɓamɓare ɗan magen daga wandonsa ya ajiye shi a ƙasa a hankali. Ya karɓi rigar, ya shafa wuyanta, inda zufar mahaifinsa ta bar alamar da wanki bai taɓa fitarwa ba, wurin ya yage ya biyo yatsunsa. Ya daɗe yana kallo. Lubabatu na leƙe daga zaure, ta rufe baki da mayafi tana kuka, kuma ko Mato sai da ya sunkuyar da kai.

Ramalan ya durƙusa. "Baba, ai abin da ya faru, a tsarin bariki..."

Dattijon bai dube shi ba. Ya ce, "Lubabatu."

"Na'am, Baba."

"Wannan farar da ke jikinsa, a ina ta kwana?"

"A ragaya, Baba."

"To."

Wannan "to" ɗin ba ta buƙaci tunani ba. Ramalan ya tuɓe farar rigarsa a gaban unguwa, ya kakkaɓe ta, ya miƙa da hannu biyu, ya rage daga shi sai wando da mazagi yana reto. Malam Maharazu ya sa, ta yi masa daidai kamar don shi aka ɗinka. Ya ninke ragowar rigar mahaifinsa da kansa, ya ba 'yarsa. Aka kamo goɗiya ya hau. Har ya juya kanta, ya tsaya.

Ya ce, "Shekara arba'in rigar nan tana rataye a Fassi, a gidan da babu mage ko ɗaya."

Ya kaɗa linzami suka nufi Rano. Jama'a ma suka watse da sauri, kowa na son ya riga nasa kyankyasan isa gida, ko da yake an makara.

Ramalan ya zauna a kan kututturen bugu, ya rungume kafaɗu don sanyin safiya. Mato na tsintar asakensa a cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Can Ramalan ya ce, "Tsarin ba shi da laifi. Yaran ne ba su sauke karatu ba. Da an ɗaga naɗin nan da sati biyu..."

Bai ƙarasa ba sai ga magen ta taho, wutsiya a miƙe, da wani ƙato a bakinta. Ta wuce 'ya'yanta huɗu ko kallonsu ba ta yi ba, ta zo ta dire shi da ransa a kan ƙafar Ramalan, ta koma gefe ta zauna tana jira ta ga ko shi zai iya.